BISHIYAR ƘOFAR GIDANKU MAKARANTA CE: NASIHA GA MATASAN SHARADA, CHALAWA DA BOMPAI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halicci ƙwayar gero kamar yadda Ya halicci kuka, babu wadda ta yi maSa wuya. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, kai da kake sammako ka nufi Sharada ko Chalawa ko Bompai neman halal, ka wuni gaban inji, ka komo gida kunnenka na ƙara, Allah Ya yi wa nemanka albarka. Ina da tambaya guda gare ka. Akwai wata bishiya da kake wucewa kullum, a ƙofar gidanku, ko bakin masallacinku, ko inda mai shayi yake kafa teburinsa. Ka sha inuwarta ba adadi. To, ka taɓa tsayawa ka dube ta? Ka taɓa kama hannun ɗanka, ko ƙanenka, ko 'yar yayanka, ka ce zo mu ga abin da Allah Ya yi?

DALILIN WANNAN NASIHA

Bari in fara da kaina, don kada ka ce Malam ya zo yana ɗora mana laifi. Wata ranar Lahadi ina zaune gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, sai ɗana, yana da shekara 7 a lokacin, ya ce, "Baba, me bishiya take ci?" Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Ƙasa." Ya yi shiru yana duban gindinta, sa'an nan ya ce, "To, Baba, me ya sa ƙasar ba ta ragu ba?" Na rasa ta cewa, sai na ce ya je ya yi wasa.

Wallahi daren nan abin ya tsaya mini a rai. Na yi shekara 4 a jami'a ina karatun addinin Musulunci, ina hawa mumbari ina gargaɗin mutane kada su yi magana a kan abin da ba su da sani, ga shi na yi wa ɗana fatawa ba da ilimi ba, kuma da ya kama ni sai na kore shi. Yaron da aka kora sau biyu, sau uku, zai daina tambaya. Idan kuwa ya daina tambayarka, ba daina neman amsa ya yi ba. Zai samo ta a titi, ko a cikin wayar da ka miƙa masa don ya bar ka ka huta.

Wannan shi ne abin tsoro. Allah (S.W.T.) Ya ɗora maka a cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, ka tsare kanka da iyalinka daga wuta. Annabi (S.A.W.) kuma ya sanar da mu, a hadisin Bukhari da Muslim, cewa magidanci makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Biyan kuɗin makarantar boko da na Islamiyya bai sauke maka wannan nauyi ba. Gida shi ne makarantar farko, kai ne malamin farko, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

DUBAN HALITTA UMURNI NE

Wani zai ce, "Malam, ina ruwan wa'azi da ganyen darbejiya?" To, buɗe Alƙur'aninka. A Suratul An'am, aya ta 99, Allah Ya yi umurni a dubi 'ya'yan itatuwa sa'ad da suke fitowa da sa'ad da suke nuna. Umurni ne fa, ba shawara ba. A aya ta 59 ta wannan sura Ya sanar da mu cewa ko faɗuwar ganye ɗaya ba ta ɓuya ga saninSa. A Suratur Ra'ad, aya ta 4, Ya ja hankalinmu ga itatuwan da suke shan ruwa iri ɗaya amma ɗanɗanonsu ya bambanta. Kai ma shaida ne: ga mangwaro, ga darbejiya, ƙasa ɗaya, ruwan sama ɗaya, wannan zaƙi, wannan ganyenta ɗaci kamar maɗaci. A ƙarshen Suratu Yusuf kuwa, aya ta 105, Allah Ya zargi masu wuce ayoyinSa suna kau da kai. Ka ƙirga sau nawa ka wuce bishiyar nan a wannan mako.

Ga kuma Sunna. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ba da labari cewa wata rana suna zaune wajen Annabi (S.A.W.), sai ya tambaye su wace bishiya ce ganyenta ba ya kaɗewa, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka shiga ambaton itatuwan daji. Shi kuwa ya faɗo masa a rai cewa dabino ne, amma da ya ga shi ne ƙaramin cikinsu, ga Abubakar da Umar ba su yi magana ba, sai kunya ta hana shi. Annabi (S.A.W.) ya ce dabino ne. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar (R.A.) ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi masa daɗi fiye da dukiya mai yawa. Imamul Bukhari ya kawo wannan hadisi a cikin Littafin Ilimi na Sahihinsa.

Lura da darussa uku. Na ɗaya, mafificin malamai ya koyar da bishiya. Na biyu, da tambaya ya fara, ya bar su suka yi tunani kafin ya ba da amsa. Na uku, ga uba yana kwaɗayin ɗansa ya buɗe baki a majalisar ilimi. Mu fa? Yaro ya buɗe baki, mu ce ya cika surutu.

Magabata ba su raina wannan fanni ba. Abu Hanifa Ad-Dinawari, wanda ya rasu wajen shekara ta 282 bayan Hijira (ba Imam Abu Hanifa mai mazhaba ba), ya wallafa babban littafi a kan tsirrai. Ibnul Baiɗar, mutumin Andalus, wanda ya rasu a 1248 Miladiyya, ya tattara bayanin magunguna da tsirrai wajen 1,400. A ƙasarmu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani. Saboda haka wanda ya ce sanin ganye da saiwa kayan Nasara ne, bai san tarihin gidansu ba.

ƁATA IRI BIYU DA KE JIRAN ƊANKA

Idan ba ka gaya wa yaro gaskiya game da bishiya ba, ɗaya daga cikin ƙarya biyu za ta riga ka.

Ta farko tsohuwa ce. Za a ce masa tsamiyar can gidan aljanu ce, kukar can ba a nuna ta da yatsa, waccan kuwa in aka ɗaura mata ƙyalle ko aka zuba mata nono, buƙata za ta biya. Wannan ƙofar shirka ce, Allah Ya kiyashe mu. Mun yi imani da samuwar aljanu domin Alƙur'ani ya faɗa, amma bishiya ba ta amfanarwa ba ta cutarwa da ikon kanta, kuma ba a neman tsari sai wajen Allah. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙid Al-Laisi (R.A.) cewa a kan hanyar Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira, wasu sababbin shiga Musulunci suka ga wata magarya da mushirikai suke rataya makamansu don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ, suka roƙi a sanya musu irinta. Annabi (S.A.W.) ya kamanta roƙonsu da roƙon mutanen Annabi Musa (A.S.) da suka nemi a yi musu gunki. A nan Kano ma, tarihi ya kawo cewa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, an sare bishiyar tsafin da ke cikin birni aka yi ginin masallaci a wurin. Abin da kakanni suka tumɓuke shekaru fiye da 500 da suka wuce, kada ya sake toho a zuciyar ɗanka.

Ta biyu sabuwa ce. Yaro zai haddace sassan tsiro da Turanci, ya ci jarrabawa, amma a bar shi da zaton cewa duk wannan tsari haka kawai ya haɗa kansa, babu Mai yi. Wanda ya san yadda inji yake aiki ya fi kowa sanin cewa inji ba ya ƙera kansa. Kai da kake aiki a masana'anta, in wani ya ce maka injin da kake tsaye gabansa iska ce ta tara ƙarafansa, me za ka ce da shi?

Maganin duka biyun ɗaya ne: ka kai yaron gindin bishiyar da rana tsaka, ya taɓa ta, ya auna ta, ya ga yadda take aiki, kana gaya masa sunan Wanda Ya yi ta. Gani ya kori ji.

YADDA ZA KA YI

Ba a buƙatar kuɗi. Littafin rubutu guda, fensir, igiya, leda, da rabin sa'a a mako, ranar hutunka bayan La'asar. Zaɓi bishiya ɗaya tak, ku lizimce ta shekara guda. Na ɗauki darbejiya misali, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, domin babu unguwar da ba ta. Ka tafi da mata da maza, domin neman ilimi bai ware 'ya mace ba. Ku fara da Bismillah.

Zama na farko: suna da asali. Ka tambaye su sunanta, su zana ta yadda suka iya. Ka gaya musu cewa darbejiya baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya da maƙwabtanta, a zamanin Turawa aka kawo ta, aka fara dasa ta a Borno wajen 1928. Alhazai sun ga irinta an dasa a filin Arfa don inuwa. Sa'an nan ka tambaye su: me ya sa ake ce wa unguwa Ɗorayi, ko Giginyu, ko Gawuna, ko Kurna? Sunayen itatuwan ƙasarmu ne: ɗorawa, giginya, gawo, kurna. Suna ya saura, itatuwan fa, nawa suka rage? Bar yaro ya tafi da wannan tambaya.

Zama na biyu: awo. Su zagaya gangar jikinta da igiya daidai ƙirjinka, ku ƙulla alama, ku rubuta kwanan wata, na Hijira da na Miladiyya. Baɗi war haka ku sake aunawa. Tsawonta kuwa ba sai an hau ba. Kafa sanda a tsaye, ka auna tsawonta da tsawon inuwarta. Idan sanda taku 3 ce inuwarta taku 6, ka san a wannan sa'a inuwar kowane abu ninkinsa biyu ce. To, in inuwar bishiya taku 60 ce, tsawonta taku 30 ke nan. Ka ga yaro ya yi lissafi bai san ya yi ba. Daga nan sai ka nuna masa cewa da inuwa ne Shari'a ta koya mana gane lokacin Azahar da La'asar tun ba a ƙera agogo ba.

Zama na uku: ɓawo. Su shafa shi, su ɗora takarda su goga fensir, zanensa zai fito. Ka gaya musu cewa abincin da ganye ya haɗa, ta ƙarƙashin ɓawon nan yake saukowa zuwa saiwa, ruwa kuwa ta cikin itacen yake hawa. Shi ya sa idan masu neman sassaƙe suka kwashe ɓawon suka zagaye gangar jiki, sai bishiya ta mutu a tsaye ko ba a sa mata gatari ba. Yaron da ya san wannan ba zai ɗauki wuƙa yana rubuta sunansa a jikinta ba.

Zama na huɗu: ganye. Nan ne amsar tambayar ɗana take. Wani masani mutumin Beljiyam, Ban Helmon, ya dasa ƙaramin itace mai nauyin kimanin kilo 2 a cikin tukunyar da ya zuba wa busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90. Shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, itacen ya kusa kilo 77, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga wannan labari a 1648. Shi ya zaci ruwa ne kaɗai ya zama itace. Daga baya masana suka gano cewa ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shaƙar iskar nan da muke fitarwa, wadda hayaƙin inji ma yake ɗauke da ita, ana ce mata kabon dayoksaid. Sai ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, da ƙarfin hasken rana, ya yi sukari, ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Daga ƙasa ruwa take ɗauka da ɗan sinadari kaɗan. Ashe mafi yawan busasshen itacen da ake girki da shi daga iska aka gina shi. Allahu Akbar! Masana'anta ce wadda ba ta jiran wutar lantarki, ba ta da janareta, ba ta ƙara, abin da take zubarwa kuma shi ne numfashinka. A Suratul Waƙi'a, aya ta 71 da ta 72, Allah Ya tambaye mu game da wutar da muke kunnawa, ko mu ne muka ƙagi bishiyarta. Amsa mana.

Don yara su gani da idonsu, ku sa reshe mai ganye cikin farar leda, ku ɗaure bakinta da safe. Kafin La'asar za ku tarar da ɗigon ruwa a ciki. Wannan ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya hau, ba famfo ba inji. Fitarsa ta ganye tana cikin abin da ya sa inuwar bishiya ta fi inuwar kwano sanyi a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano yake haura digiri 40.

Zama na biyar: fure da 'ya'ya. Wannan sai an yi haƙuri, domin ba kai ke sa mata lokaci ba. Da rani za ku ga ƙananan fararen furanni masu ƙamshi, ƙudan zuma na zarya a kai. Sa'an nan 'ya'ya su fito kore, su koma rawaya in sun nuna. Kowane mako yaro ya rubuta abin da ya sauya. Nan ne za ka tuna masa umurnin nan na Suratul An'am, ka ce yau mun aikata aya.

Zama na shida: mazauna. Ku zauna shiru minti 10, kowa ya ƙirga mai rai nawa ya gani: tururuwa, ƙadangare, kurciya, gara a gindi, jemage da magariba. Wa ke ciyar da su? Ba su da albashi, ba su da katin aiki. Idan kuka dace da bishiyar da kauci ya kama, ku tsaya. Tsuntsu ne ke kawo irinsa ya manna a reshe, ya tsiro, ya soka saiwarsa cikin reshen yana shan ruwan da ba shi ya jawo ba. Daga nesa sai ka ce ganyen bishiyar ne, har ya fi shi sheƙi, alhali yana raunana ta. Haka bidi'a take a jikin addini. Kaucin nan da bokaye suke sayar wa jahilai da sunan sa'a da farin jini, ga shi nan, ɗan cin arziki ne kawai.

Zama na bakwai: shuka. Ku tsinci nunannun 'ya'ya, ku wanke ƙwallon, ku shuka da wuri, domin irin darbejiya ba ya jure ajiya. Ledar ruwan sha da aka yar ta isa, a huda gindinta a cika da ƙasa. Cikin 'yan makonni za ta tsiro. Kowane yaro da tasa, shi ke ba ta ruwa da ragowar ruwan alwala. In damina ta kankama ku dasa inda ba za ta taɓa wayar lantarki ko harsashin gini ba, ku kewaye ta saboda awaki. In kana da fili, haɗa da na gida: tsamiya, ɗorawa, kurna ko zogale.

ABIN DA GANYE ZAI GAYA MAKA GAME DA UNGUWARKU

Akwai wani gwaji da nake so kowane mazaunin kusa da masana'antu ya yi. Ka sami farin ƙyalle mai laima, yaro ya goge ganye goma na bishiyar bakin titin da tireloli suke bi. Ku dubi ƙyallen. Abin da kuka gani, irinsa ne yake shiga ƙirjinka da ƙirjin jaririn da ke goye.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, na Sharada da Chalawa kuwa yana gangarawa kogin Chalawa, kuma akwai masu noman rani da suke ban ruwa da shi. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, watau 'ya'yan itace, har fatar ƙasar Hausa ta yi suna a ƙetaren Sahara. Jimar zamani kuwa mafi yawanta da sinadarin kuromiyam ake yi, wanda in ba a tace ruwansa ba yana gurɓata ƙasa da ruwa. Allah Ya gaya mana a Suratur Rum, aya ta 41, cewa ɓarnar da ta bayyana a tudu da ruwa sakamakon aikin hannun mutane ce.

Ban ce ka bar aikinka ba. Masana'antu rufin asirin dubban gidaje ne, kuma mun ga halin da aka shiga da yawancin masaƙu suka rufe. Ban kuma ce dasa bishiya zai wanke kogi ba. Tace ruwa haƙƙi ne a wuyan masu masana'anta da hukuma, domin Musulunci ya hana cutarwa. Amma yaron da ya ga baƙin ƙyallen nan da idonsa, gobe in Allah Ya sa shi ne manaja, ko injiniya, ko mai sa hannu a ofis, zai tuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada kuma ka raina abin da talaka zai iya. A ƙasar Maraɗi, tun daga wajen 1984, manoma suka koma barin tohon kututturan da ke gonakinsu suna yi musu aski maimakon sarewa. Da wannan dabara, wadda ba ta cin ko sisi, an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 suka dawo a Jamhuriyar Nijar. Cikinsu har da gawo, wanda Allah Ya juya wa lokaci: da damina ya kaɗe ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore ya ba dabbobi abinci da inuwa. Wa ya koya masa wannan?

LADUBBA DA GARGAƊI

Ka koya musu cewa Annabi (S.A.W.) ya hana yin bayan gida a inuwar da mutane suke hutawa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Kada a karya reshe don wasa. Halifa Abubakar (R.A.), ko a halin yaƙi, ya yi wa rundunarsa wasiyya kada su sare itace mai 'ya'ya. Kada yara su hau bishiyar da ke kusa da wayar wuta. Kada su yi wasa a kwatar da ruwan masana'anta yake bi, kada kuma a shuka abin ci a bakinta. Su wanke hannu bayan kowane zama. Ka kuma ja kunnen iyalinka: man darbejiya guba ne ga jarirai, kada a ɗura musu da sunan magani. Yaro in zazzaɓi ya kama shi, asibiti za a kai shi.

Idan yaro ya yi tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce, "Ban sani ba, Allah ne Masani, amma zo mu bincika." Wannan ba faɗuwar girma ba ce. Imamu Malik, da darajarsa, ya shahara da yawan cewa bai sani ba. Ni na koma wajen ɗana bayan kwana biyu na ce masa, "Amsar da na ba ka ba daidai ba ce." Ban ga ya raina ni ba. Tambayoyinsa ma ƙaruwa suka yi.

UZURORIN DA ZA KA KAWO

Za ka ce ba ka da lokaci, aikin dare kake yi. Ɗan'uwa, ji tsoron Allah. Minti 90 kake ba ƙwallon Turai a gidan kallo, ban da sharhin da ake yi bayan an tashi. Sa'a nawa majalisa take ci? Sa'a nawa waya take ci? Rabin sa'a ake roƙo.

Za ka ce ba ka yi karatu mai zurfi ba. Riƙe igiya da ƙirga taku ba sa buƙatar digiri. Kakanka da bai taɓa shiga aji ba ya san itatuwa fiye da 50 da sunansu da amfaninsu.

Za ka ce ba ka yi aure ba tukuna. Gidanku babu ƙanne? Layinku babu marayu? Ga almajirai nan suna wuni a gindin bishiyar, ba wanda ya taɓa tambayarsu ra'ayinsu a kan komai. Fara da su, ka koyi zama uba tun kafin a kira ka Baba.

KAMMALAWA

Anas ɗan Malik (R.A.) ya ruwaito, a cikin Bukhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Imamu Ahmad kuma ya ruwaito umurnin cewa ko Alƙiyama ce za ta tashi alhali da dashen dabino a hannun ɗayanmu, in yana da iko ya dasa. Darbejiyar da kake sha wa inuwa yau, ka san wanda ya dasa ta? Wataƙila wani lebura ne da ya daɗe a kabari. Ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, amma Allah bai manta ba.

A Suratu Ibrahim, aya ta 24, Allah Ya buga misalin kalmar tauhidi da bishiya mai kyau, mai kafaffen tushe da dogon reshe. Yaron da bai taɓa tona gindin tsiro ya ga saiwa ba, yaya zai gane wannan misali? Kai ne za ka nuna masa. Ranar hutunka mai zuwa, in Allah Ya kai mu, in an idar da La'asar, ka ajiye waya a ɗaki, ka ɗauki igiya da littafi, ka kira yaran.

Ya Allah, Ka sanya mu cikin masu tunani a kan halittarKa. Ka tabbatar da tauhidi a zukatan 'ya'yanmu. Ka tsare su daga shirka da bidi'a da gafala. Ka tsarkake mana ruwanmu da iskarmu da abincinmu. Ka yi albarka a cikin guminmu, Ka jiƙan iyayenmu da waɗanda suka dasa mana inuwa. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.